Layin Inna Laraba

Ni Mani nake, mai cajin waya a bakin kasuwar Yankara. Shekara goma sha ɗaya ina zaune gaban janareto da tarin wayoyin mutane, don haka babu irin kukan da ban ji ba a kan kati. Amma duk cikin masu kukan nan babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Inna Laraba, domin da hannuna a cikin abin da ya same ta.

A wani ƙauye bayan Damari aka haife ta, cikin gidajen Maguzawa inda mace ke riƙe fartanya tun ba ta iya ɗaura zane ba. Ta auri wani mai suna Ɗanhausa, ta haifa masa bakwai, biyu suka rayu: mace ɗaya da aure ya kai Birnin Gwari, sai autanta Yahuza. Da mijin ya rasu ba ta zauna jiran kowa ba. Ta ci gaba da noman gayaunarta, tana dafa daddawa, har ta sayi bijimai biyu na huɗa da gumin kanta. Mace ce 'yar siririya mai kaifin baki. In ta taya kayanka sai ka ji kamar kai ne ka sato su.

Yahuza ne ya saya mata waya, irin ƙaramar nan mai tocila. Da yake ba ta karatu, darasi ɗaya ya koya mata: duk lokacin da wayar ta yi kuka ko ta kawo haske, ta danna babban maɓallin tsakiya. Shi kuwa ya haddace lambar kamar sunansa, don tasa wayar kullum cikin ɓata take.

Wata damina 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona tare da mutum uku. A wayarta suka kira. Ta sayar da bijiman, ta sayar da gonar, aka kai kuɗi daji, suka saki uku suka riƙe shi. Sau ɗaya suka ba shi waya ya yi mata magana, ya ce kada ta rabu da layin nan ko me zai faru. Daga nan lambarsu ta mutu. Bayan wata biyu ƙauyen ya watse, ita kuma ta gangaro Yankara wajen wata 'yar ƙanwarta, da tukunyar daddawa a ka da waya ƙulle a bakin zane.

Haka na san ta. Kowace ranar kasuwa, in ta sayar da daddawa, sai ta zo rumfata ta sayi katin ɗari biyu, in sa mata, in latsa mata lambar mutanen dajin. Kullum a kashe take. Sai ta ce to, sati mai zuwa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kiran ba ya shiga, amma kafin wata kasuwar ta zagayo kuɗin sun ƙare tas.

Ran nan na buɗe akwatin saƙonninta. Wallahi sai da na ji jinina ya hau. Sakamakon ƙwallon Turai, kalaman soyayya, farashin dala, har da shawarar yadda za a rage ƙiba, ga matar da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa. Kowanne ana cire mata naira ashirin ko hamsin a rana. Dabarar ɓarayin nan ita ce su turo tambaya a fuskar waya da Turanci, in ka danna tsakiya ka amince ke nan. Ita kuwa Inna duk hasken da ya taso sai ta danna da sauri, ko tana tsakiyar tuƙin tuwo, don tana zaton ɗanta ne.

Na yi mata bayani.

"To su wa ke cin kuɗɗin?" in ji ta.

"Wasu kamfanoni ne, Inna, sun haɗa baki da masu layin."

"Mi na yi masu?"

Na kira lambar ƙorafi, aka sa mini kiɗa na kusan rabin awa, sannan wata yarinya mai zaƙin murya ta ce ai mai layin ce ta amince da kanta. Ta ba ni kalmar da zan tura a dakatar. Na tura, aka dakatar da uku. Sati na zagayowa sababbi biyar suka shigo. Na roƙi Inna ta bar dannawa, ta ce in kuma shi ne fa? Na ce shi kira zai yi, ba saƙo ba. Ta ce kai ka san halin da yake ciki da za ka zaɓa masa?

Ƙarshe na rufe rumfa muka hau mota zuwa Funtua, ofishin kamfanin. Mun isa da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Wani saurayi mai ɗaurin wuya ya duba kwamfuta, ya juyo mana da fuskarta kamar muna iya karantawa, ya ce ga shi nan, sau goma sha tara Mama ta amince.

"Ɗana," in ji Inna, "dube ni da kyau. Ni ce nika son labarin ƙwallo?"

Mutanen da ke kan layi suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce kuɗin da aka riga aka cire ba sa dawowa, sai dai ya rubuta ƙorafi a jira saƙo cikin kwana uku. In kuma tana son hutu gaba ɗaya, ta yar da wannan ta sayi sabon layi, ga su nan a tebur. Inna ta fizge wayarta daga hannunsa ta mayar bakin zane, ta ƙulle har sau biyu. Saƙon da ya yi alkawari har yau muna jira.

A mota muna dawowa raina a ɓace yake, kuma cikin ɓacin ran nan na kawo shawarar da nake ganin ta masu wayo ce. Na ce ta daina sa kati kwata-kwata. In babu ko sisi a ciki, mu ga abin da za su ci. Kiran mutanen daji kuwa ta riƙa yi da wayata kyauta, tata ta bar ta a kunne don jiran Yahuza kawai.

"Ba su amshe mani shi?" ta tambaya.

"Wa zai amshe? Layinki ne, da sunanki da hoton yatsanki aka yi rajista."

Haka na faɗa mata, da ƙarfin hali kamar ni na kafa kamfanin. Ta yarda da ni saboda ina karatu.

Abin ya yi aiki, har ina alfahari da shi a majalisa. Saƙonni suka yi ta zuwa suna cewa ba a samu cire kuɗi ba, ni kuma ina karanta mata muna dariya. A hankali suka gaji suka ɗauke. Babu mai kiranta, don 'yan ƙauyensu kowa ya kama gabansa, 'yarta kuma a wayar 'yar ƙanwar take nemanta. Wayar tana nan kullum da caji, ni nake cika mata ba na karɓar komai. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kama. Ni da ke sana'ar waya, ban taɓa tsayawa na tuna cewa layin da ba ya kawo wa kamfani kuɗi ba ya daɗewa a hannun mai shi ba.

Wata ranar kasuwa ta miƙo mini wayar ta ce ta daɗe ba ta ko haske. Na duba fuskarta, abin da na daɗe ban yi ba, babu sandar sabis ko ɗaya. Na ce mata matsalar na'ura ce ta dawo anjima. Tana juya baya na kira lambarta da wayata, ina addu'a in ji a kashe. Sai ta shiga. Wata mata ta ɗauka, da hayaniyar yara a bayanta, ta ce daga Gombe take, wata uku ke nan da ta sayi layin a shago.

"Kai ma Laraban kake nema?" in ji ta.

Na ce wa ya neme ta?

Ta ce wani mutum ne, watan jiya, sau uku, kowane kira da lamba daban. Muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji shi, yana ta cewa Inna ni ne. Ta zaci 'yan damfara ne. A na ukun ya tambaye ta ina Laraba mai layin take. Ita kuma, ba da mugunta ba, ta gaya masa abin da mai shagon ya gaya mata, cewa yawanci layin waɗanda suka mutu ake sake sayarwa. Ta ce daga nan sai ta ji yana kuka. Bai sake kira ba, lambobin kuma ta goge su tun ranar.

Da Inna ta dawo na gaya mata an sayar da layin, na gaya mata Yahuza ya kira, yana da rai. Ta zauna a ƙasa gaban rumfata, cikin mutane, tana dariya hawaye na zuba. Ba ta zage ni ba, ko kallon banza ba ta yi mini ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta sa na sake kiran matar Gombe, ta roƙe ta da girman iyayenta in ya sake bugowa ta ce masa suna Yankara, ya tambayi mai caji. Matar ta yi alkawari.

Wata bakwai ke nan. Ta fara tara kuɗin akuyar da za ta yanka ranar da zai dawo. Sauran maganar, cewa a wajen ɗanta ita matacciya ce kuma ba shi da wanda zai sake nema a wannan lambar, tana nan a cikina, na kasa faɗa mata.