Tarin da Injiniya Ya Yanke

"To ka ce musu su zo su tambaye ni mana, Yaya. Ni na ga tsohon da idona. Ni na raka ka har ƙofar ɗakinsa."

Injiniya bai ɗago daga wayar makirufon da yake naɗewa ba. Ya ce wa ƙanwar tasa jami'a ba kotu ba ce, kuma ko kotu ce, ba a karɓar shaidar 'yar'uwa a irin wannan magana. Ita dai ta zauna a kujerar baƙi ta ɗakin haɗa sauti, jakarta a cinya. Ta zo ne ta ji ranar bikin yaye ɗalibai don ta nemi hutu a wurin aikinta, sai ta tarar babu ranar.

Kowa a gidan rediyon Injiniya yake ce masa, har manaja, amma a takardar ɗaukarsa aiki mataimakin mai kula da sauti aka rubuta, kuma shekara ashirin da uku ba a canja ba. Da takardar sakandare ya shigo, yana jan wayoyi a bayan wasu. Yanzu ya san ƙofar da ke ƙara idan an yi ruwa, ya san mai karanta labarun da ke haɗiye ƙarshen kalma idan ya yi faɗa da matarsa. Duk shekara jami'a na turo ɗalibai koyon aiki, shi ke nuna musu inda za su tsaya da yadda ake numfashi ba a ji ba. Bayan 'yan shekaru su dawo da digiri, su zauna a bayan gilashi suna yi masa nuni da yatsa.

Dokar gidan ita ce ba a ba mutum kujerar mai shirya shirye-shirye sai da digiri. Shi ya sa yana da shekara arba'in da biyu ya shiga karatun aikin jarida na ƙarshen mako. Shekara biyar yana zama cikin yaran da suka sa masa suna Baban Aji, suna aron bironsa ba sa mayarwa. Sau biyu ya faɗi darasin ƙididdiga. Matarsa ce ke riƙe takardu tana yi masa tambayoyi tana yankan albasa, har ta haddace sunayen masanan da shi ya kasa riƙewa. A bana wata kujera ta faɗi, manaja ya kira shi ya ce ya kawo takardarsa kafin ƙarshen watan nan, kujerar tasa ce.

Abin da ya rage kawai aikin kammalawa: shirin rediyo na minti goma sha biyar. A nan ne Injiniya ya saki jiki, don wannan gonarsa ce. Ya zaɓi wani tsohon direban jirgin ƙasa, maƙwabcin ƙanwarsa, mai shekara tamanin da ɗaya. Yammaci uku ya yi a ɗakinsa, ya ɗauki magana ta awa huɗu. Tsohon na da labari, amma ƙirjinsa ya lalace. Ba ya kai ƙarshen jimla sai tari ya sarƙe shi, ya nemi ruwa, ya tambaya ina aka tsaya.

Injiniya ya zauna ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya yanke tarin ɗaya bayan ɗaya, sama da ɗari biyu. Ya cire kakin, ya cire haɗiyar yawu, ya cire dogon hakin da ke tsakanin kalma da kalma. Inda ya haɗa, sai ya shimfiɗa ɗan shirun ɗakin a ƙasa don kada kunne ya ji gaɓa. A gidan rediyo barin tari a shiri abin kunya ne. Ubangidansa na farko ya taɓa sa shi sake aikin yini guda saboda atishawa ɗaya. Kuma a ransa yana ganin karamci ya yi wa tsohon, ya mayar masa da muryar da yake da ita sa'ad da yake jan tarago ashirin.

Da ya gama, sai ya goge ɗanyen sautin, wato ainihin hirar kamar yadda ya ɗauko ta. Rakoda uku ce a gidan, 'yan rahoto tara ke rububinsu, kuma doka ce duk wanda ya gama aiki ya share katin ajiyar sautin kafin ya mayar. Shi ne ma ya kafa dokar, shi ke yi wa mutane faɗa a kanta. Kwamfutar ɗakin ma duk ƙarshen wata yake kwashe mata tarkace da hannunsa. Ko tsayawa tunani bai yi ba.

Ranar kare aiki malamai uku ne a teburi. Baƙon da aka gayyato daga wata jami'a ya saurara ido a rufe har ƙarshe, ya ce bai taɓa jin aikin ɗalibi mai tsabta haka ba. Sannan ya tambayi shekarun tsohon. Da aka faɗa masa, ya ajiye bironsa, ya ce yana son a bayyana masa yadda ɗan shekara tamanin da ɗaya zai yi minti goma sha ɗaya yana magana ko gyaran murya babu. Bara, in ji shi, sun kama ɗalibai biyu da suka rubuta hira da kansu suka sa na'ura ta karanta. A kawo ɗanyen sautin, magana ta ƙare.

Yana nan a littafin ƙa'idojin sashen, shafi na tara, cewa a adana duk abin da aka ɗauka. Injiniya ya karanta babin rubuta manazarta har ya gaji, amma ya tsallake babin sauti, don me za a koya masa a ciki?

Ya ce to a je a ga tsohon, sai kuma ya tuna. Mako shida ke nan da rasuwarsa.

Malamar da ke duba aikinsa tana zaune a gefen baƙon. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ta yi koyon aiki a hannunsa, shi ya hana ta kuka ranar da ta fara magana kai-tsaye a rediyo ta manta sunanta. A baranda ta same shi bayan an tashi.

"Injiniya, na san hannunka ne. Ko a mafarki na ji yankan nan zan gane. Amma ba ni da abin da zan ɗora musu a kan teburi."

Ya ce mata ba komai, Malama. Ba su kore shi ba, sun dai ce ya sake sabon aiki baɗi. Kujerar kuwa an riga an rubuta sunan wata yarinya mai hankali, wadda shi ya koya mata riƙe rakoda.

Ƙanwar ta tambaya ko Inna ta ji. Ya ce a'a, ta riga ta gaya wa duk layinsu cewa ɗanta zai sa hular nan mai tuntu, a bar ta ta ƙara kwana biyu. Ta tambaya ko zai sake. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya ce in ya sake, zai bar musu komai, tari da kukan kaji da matar gida tana zagin yara, ya kai musu awa huɗu cur su zauna su sha.

Sai ya ɗora hannu a kan teburin haɗa sauti.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba su ba ne. Babbar 'yar tsohon ce ta zo nan makon jiya, ta ce ta ji na ɗauki muryar mahaifinsu. Na sa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, sannan ta ce, Kawu, babu wanda yake tari a ciki? Wai jikokinsa da tarin suka san shi. Tun daga bakin layi da shi suke gane yana gida."

Ƙanwar ta gyara zaman jakarta.

Mai karanta labarun rana ya ƙwanƙwasa gilashi, ya nuna agogo, ya nuna abin sauraron da ke kunnensa yana yamutsa fuska. Wani zuu yake ji a ciki, kuma saura minti shida ya fara karanta labarai. Injiniya ya ɗauki sukuddireba daga aljihun tebur, ya ce wa ƙanwarsa ta gaida yara, in za ta fita ta ja ƙofar a hankali.

Ya shiga ɗakin labarun, ya durƙusa ƙarƙashin teburin yana laluben inda wayar ta saki.