Kwalbar da Ba a Huda Ba

Da littattafan soyayya na haya na girma a Birnin Gwari, shi ya sa da na yi saurayi mai iya zance na ɗauka jarumin da nake jira ne ya iso. Yakan ce ko wuta ce zai shiga saboda ni. Ni kuwa in koma ɗaki in rungume filo.

Shekarar da aka kawo allurar ƙari ta korona, asma ta matsa wa Innarmu. An yi shela cewa tsofaffi da masu ciwo su ne kan gaba, muddin an daɗe da yi musu ta baya. Inna tana Kuyello, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Ranar da aka ce daji ya yi shiru, aka ɗauko ta a babur, ta iso asibiti ƙirjinta na kuka kamar zugazugi.

Ma'aikaciyar ta ce kwalba ɗaya ta mutane da yawa ce, in an huda ta ba ta kwana, don haka ba ta buɗewa sai sun cika. Mutum ɗaya ya rage. Na naɗe hannun rigata, ma'aikaciyar ta dakatar da ni.

"Ƙanwata, ke ba ki daɗe da yin taki ba. Lokacinki da saura."

Sai na aika a kira mutumina. Shi ya yi tasa tun farkon zuwan allurar, da aka matsa musu a wurin aiki, lokacinsa ya yi har ya wuce. Ya shigo cikin shadda, turarensa ya riga shi sallama. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ji bayani, ya saci kallon sirinji, ya fara sharce zufa.

"Tauraruwata, an ce wannan ta ƙarin tana hana haihuwa. Don ke nake tattalin kaina."

"Malam, ta farkon da ka yi fa?" in ji ma'aikaciyar. "Ko ita 'yan biyu take sawa?"

Wata tsohuwa a kan benci ta ce, "Ƙato har ƙato! Jikata ma ba ta yi wannan zufar ba ranar kitso."

Na roƙe shi a gaban mutane, abin da ban taɓa karantawa wata ta yi ba. Ya ce bai karya ba, bari ya sha koko ya dawo. Da azahar!

Muka jira, bai dawo ba. Mai babur ya leƙo ya ce in la'asar ta yi, ba zai bi dajin nan ba ko da uwarsa ce a baya. Ma'aikaciyar ta fita bakin titi ta nemi wanda zai cike, ba ta samu ba, ta dawo ta rufe akwatin sanyi tana ba tsofaffi haƙuri.

Na ɗaura wa Inna gyale, na taimaka mata ta hau. Ta huta, numfashi ya daidaita, sannan ta dube ni.

"Wannan ne wanda kike ce min zai turo magabatansa?"

Na ce, "A'a, Inna. Wani ne kawai."

Mai babur ya ta da inji, suka ɗauki hanyar Kuyello tana tari.