Hotuna Dubu Huɗu na Baba Fensir

A sashenmu na nazarin ƙasa kowa Baba Fensir yake ce masa, har farfesoshi. Yana ɗan shekara sha tara ya shigo a masinja. Wani tsohon mai zanen taswira ya lura hannunsa ba ya rawa, ya koya masa jan layi, daga baya aka damƙa masa ɗakin taswira. Shekara talatin da shida yana ciki. Bai taɓa zama malami ba, amma babu wanda ya yi digiri a sashen bai zauna a bencinsa ba.

Dukiyar ɗakin ita ce hotuna dubu huɗu da 'yan kai waɗanda aka ɗauka daga jirgin sama tun kafin a haifi mahaifiyata. A gefen kowanne akwai lambobi, a bayansa kuma Baba ya rubuta shekara da sunan wurin. Da su ake gane inda rafi yake bi a da, da inda daji ya tsaya kafin gidaje su cinye shi. Ba ka taɓa su sai ka wanke hannu. Na ga ya kori wani dakta ya je famfo, wai yatsunsa sun tona abin da ya ci da rana.

Wata biyu da gama digirina Shugaban Sashe ya kira ni. An samo kwamfutoci, za a mayar da ɗakin wurin taswirar zamani, baƙi za su zo buɗewa nan da sati uku. Ya ce in kwafe hotunan duka a na'ura. Baba yana asibiti a lokacin, an yi masa aikin ido. Na tambaya ko in kwafi bayansu ma. Shugaba ya ce babu lokaci, kuma in yanke baƙin gefen nan mai lambobi, yana ɓata kyan hoto. Na san ɓarna ce, tun a aji biyu aka koya mana. Amma takardata ta neman digiri na biyu tana kan teburinsa tana jiran sa hannu. Na ce to, ranka ya daɗe. Na yanke.

Hotunan na takarda aka cusa su a buhuna, aka jibge ƙarƙashin bene, jikin bangon banɗaki. Bututun banɗakin ya fashe, ba wanda ya kula.

Ranar buɗewa Baba ya dawo, ni na raka shi wurin buhunan. Tun daga nesa warin ya tare mu. Hotunan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, baƙin ruwa na tsiyaya, ƙudaje sun rufe buhunan. A sama muna jin tafi. Baba ya tsuguna ya cusa hannu yana neman ko ɗaya da zai ɓamɓaru.

Da baƙi suka watse na buɗe masa kwamfuta don in kwantar masa da hankali. Ya kalli hoton farko.

“'Yata, juya min bayansa.”

Na ce ba shi da baya.

“Gefen fa? Wa ya yanke?”

“Ni ce, Baba.”

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Shugaba tuni ya gabatar da maƙala a taro kan taskar hotunan da wai ya ceto. Makon jiya ya ce in sa wa hotunan shekaru da kintace, ai ba mai dubawa. Tun ranar ta ƙofar baya nake shiga sashen don kada mu haɗu.

Saura wata huɗu Baba ya yi ritaya. Kullum da safe yana zuwa ya zauna gefena, ya kusanto da idonsa mai gani, ya faɗi wurin da shekarar in ya gane, ni in rubuta. Mun samu saba'in da uku. Jiya ya daɗe a kan wani hoto mai lanƙwasar rafi da bishiyoyi uku. Ya ce ya san shi, ya riƙe shi da hannunsa ya fi sau ɗari. Na ɗaga biro ina jira. Can ya goge ido da hularsa ya ce in wuce na gaba.