Igiyar Baba a Gaban Kwamitin Kuɗi

Madarumfa

Ƙarfe biyar saura kwata, kafin kiran assalatu, na bar gida da ƙunshin igiya a kai. Tafkin garinmu yana kwance shiru, sai ƙamshin laka. Baba ya rako ni bakin zaure yana jan ƙafarsa mai ciwo.

"Rakiya, ko mi za a yi, kada ki bari a yanke ta."

Baba maginin rijiya ne. Bara ya yi wa wani ɗan kwangila aiki a wani ƙauye bayan Safo, da kuɗin da majalisar dokoki ta ware. Ya kai gaba sha huɗu aka daina kawo siminti, rijiyar ta ƙafe tun kafin bazara. Amma takardar da aka sa shi ya dangwala wa yatsa, shi da bai yi lakwal ba balle ya iya karatu, ta ce an gama, zurfin mita arba'in. Yanzu kwamitin kuɗi na majalisa, mai bin sawun abin da gwamnati ta kashe, ya kira shi Yamai. In suka ce da bakinsa a ciki, ana iya kai shi gidan kaso. Ba ya iya tafiya, sai ni.

Maraɗi zuwa Kwanni

Ƙarfe shida da rabi na isa tashar Maraɗi. Kuɗin mota jikka bakwai, tun da aka karya darajar sefa komai ya hau. Direba ya so a ɗaure ƙunshina a sama, na ƙi.

"Malama, zinariya ce?"

"Ta fi," na ce, na rungume ta a cinya.

Ƙarfe takwas muka tashi, kilomita ɗari shida da sittin a gabanmu. Bayan Gidan Rumji na riƙa kallon rumbunan hatsi suna wucewa kamar tsofaffi masu malafa, ina maimaita abin da zan faɗa, kullum sai ya watse. A shingen Kwanni wani jandarma ya karɓi katina, ya ce in kwance ƙunshin. Ya zaro wuƙa zai yanke ƙullin bakinsa, wanda da igiyar kanta aka ɗaure. Ban san sa'ad da na riƙe hannunsa ba.

"Don Allah, ranka ya daɗe, bari in kwance da haƙori."

Ya dube ni, ya dubi igiyar mai jar ƙasa, ya ce in tafi da haukata.

Dogon Dutsi, Dosso, Yamai

A Dogon Dutsi na sayi shinkafa da wake ta dala talatin, na kasa ci. Dosso muka yi la'asar sakaliya. Mun shiga Yamai ana sallar isha'i. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta dama mini fura.

"Ɗiyata, mutane na zuwa da lauya, ke kin zo da igiya. Ubanki dai bai sake ba."

Majalisa

Ƙarfe tara na safe aka shigar da ni wani ɗaki mai dogon tebur. Depite bakwai, 'yan majalisa, kowa da tarin takardu. Shugabansu ya yi mini bayani da Faransanci a natse: su ba alƙalai ba ne, aikinsu su gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa, su kai wa majalisa rahoto, wanda ya ci amana kuma a miƙa shi ga shari'a. Sannan ya turo mini takardar. Ga yatsan Baba, na gane tabon da diga ta yi masa.

"Wannan ba hannunsa ba ne?"

"Nasa ne."

"To, me kika kawo?"

Na shimfiɗa igiyar a ƙasa. Na ce duk gaba ɗaya da Baba ya haƙa, ƙulli ɗaya yake yi a gaban mai gari. Sakatare ya auna, ya ce mita ashirin da biyar. Wani matashin depite ya ce kowa na iya ƙulla igiya a ɗakinsa.

Sai wani dattijo a ƙarshen tebur ya taso, ya bi igiyar da yatsu har ya wuce ƙulli na ƙarshe, ya ɗaga dogon saura mara ƙulli. Ya juya Hausa.

"Kakana magini ne. In rijiya ta ƙare, a nan ake yanke igiya a ba mai gari, shi ne sa hannunmu. Wagga ba a yanke ta ba, kuma tana hannun mai ita. Mutumin ga bai taɓa cewa ya gama ba."

Shugaban ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce za su aika a zura ta cikin rijiyar, a tambayi mai gari, kuma ɗan kwangilar za su kira, ba Baba ba. Suka ɗaura wa igiyar takarda mai hatimi, suka riƙe.

Gida

Kwana biyu bayan haka na sauka Madarumfa da hantsi, masunta suna shanya taru. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Gwaggo da wannan dattijo da ban ko tambayi sunansa ba. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi hannuna.

"Sun yanke?"

"A'a, Baba."

"Madalla. In sun gama su maido mini, mutanen can har yau ba su da ruwa."