Na Je Sulhun Aure, Na Tarar da Mangwaro

Ranar Talata bayan La'asar ina kan keken ɗinki a shagona na Kongolam, sai ga Ilu direba ya leƙo, ko mota bai kashe ba. Ya ce, "Malam Hamisu, Inna ta ce in gaya maka Amarya tana ta ɓari, Sani kuma ya ce ya gaji, ranar Juma'a zai fitar da ita daga gidan. Ta ce in kana da magana ka zo." Ya ja motarsa ya yi gaba.

Sani ƙanena ne, watansa biyar da aure. Ni kuwa wata takwas rabona da ƙauyenmu, tun ranar addu'ar arba'in ta mai ɗakina, Allah ya jiƙanta. Ya kamata in faɗa muku tun yanzu cewa amarya biyu ne a gidanmu. Akwai Hauwa matar Sani. Akwai kuma bishiyar mangwaron tsakar gida, irin mai aure, wadda marigayiya ta zo da dashenta cikin gwangwani ranar da aka kawo ta, shekara goma sha shida ke nan, har sunan Amarya ya bi bishiyar. Bishiyar ce Inna take nufi, ita Sani zai sare. Da na zauna na yi tunanin minti ɗaya da na gane. Amma na daɗe ina kawar da bishiyar nan daga raina, don haka Hauwa kaɗai ta zo mini. Na rufe shago, na shirya zuwa ceton aure.

Kongolam, Laraba, shida saura kwata

Ana sallame Asuba na nufi tasha. Na sami wata tsohuwar fijo ta wani Ɗanjuma, naira sittin zuwa Daura. Tun da aka ƙaddamar da shari'a mata ke zama a kujerar can baya, mu maza a tsakiya, kaset ɗin wa'azi kuma ya maye gurbin na kiɗa. Shinge huɗu muka wuce kafin Mai'aduwa. A na uku wani ɗan kwastan ya buɗe jakata yana neman atamfa, ya tarar da riga ɗaya da almakashi. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce ni tela ne, na saba, ba na iya fita ba shi.

Ɗanjuma ya ce, "Malam, sammakon nan lafiya?"

Na ce, "Sulhun aure zan je." Da na yi shiru a nan da na huta, sai na ba shi labarin duka. Ya rage muryar kaset. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Yarinya na jinya zai kore ta? Kai, maza!" Mai buhun albasa da ke kusa da ni ya ce shi da ƙanensa ne da mari zai fara. Har muka shiga Daura mota ɗaya na tsine wa Sani, ni kuma na harɗe hannu ina gyaɗa kai kamar alƙali.

Daura, bakwai saura minti goma

Na sha shayi da burodi a bakin tasha, naira arba'in. Na shiga kasuwa na sayi kayan mai jinya: kanwar kunu, kayan yaji, kwalbar zuma, da kaza mai ƙiba naira ɗari biyu da hamsin, don farfesu. Daga nan na taka zuwa wajen rijiyar Kusugu, zauren Malam Abdu, wanda ya koya mini karatu ina yaro. Ya buɗe littafi ya yi mini bayanin haƙƙin mace marar lafiya a kan mijinta, da yadda idda take ga wadda ta yi ɓari. Ina rubutawa a bayan littafin awon riguna.

Ya ce, "Cikin wata nawa ne?"

Na ce ban sani ba.

"Sau nawa ta yi?"

"An dai ce tana ta yi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kuma wata biyar da aure?" Sannan ya ce, "To. Allah mai iko." Ni na ɗauka goyon baya ne.

Hanyar Dutsi, goma da rabi

Awa ɗaya da rabi muka yi kafin bas ta cika. Kazar na kan cinyata, kafin mu kai Shargalle ta yi abin da kaza ke yi a kan farar rigata. Na sauka na hau acaɓa, naira saba'in, ta Dutsi zuwa ƙauyenmu. Zafi ya fara sosai, gonaki fayau. Ina bayan babur ina maimaita wa'azina don kada in manta.

Gida, sha biyu da rabi

A zaure na tarar da Sani yana wasa gatari. Ko zama ban yi ba.

"Sani, ka ji tsoron Allah. Ita ta ɗora wa kanta?"

Ya ce, "Yaya, wallahi na yi haƙuri. Kullum da safe sai an share kwando guda. Ƙudaje sun hana mu cin abinci. Shekaranjiya Inna ta taka ɗaya ta zame, saura kaɗan ta karye."

Na ce, "Kwando guda na me?"

Daidai nan Hauwa ta shigo da kwanon ruwa, ta durƙusa, garau da ita, hannunta duk garin daka. Bakina ya riga ya shirya, sai na ji na ce, "Sannu da jiki." Ta dubi mijinta. Inna ta leƙo ta ga kaza, ta ga rigata, ta ga littafin awo a hannuna. Ta ce, "Kazar ta wa?" Na ce, "Ta Amarya." Sai da ta dafa bango don dariya. Ta ce, "To a yanka a kai mata gindi, ko za ta sha romo." Wata takwas ban ji dariyar Inna ba, don haka na bar ta ta dara.

Na shiga ciki. Bishiyar na nan inda take. Ƙananan 'ya'ya kore, kamar ƙwan zabo, sun bazu ko'ina a ƙasa. Ƙofar ɗakin marigayiya a rufe, inuwar ta kai har bakinta. Na tsaya na ɗan lokaci, sannan na ce a kira mini Baba Tanko mai lambu, maƙwabcinmu.

Ya zo bayan Azahar da sandarsa. Ya tsinci uku ya karɓi almakashina ya tsaga. Na farko da tsutsa a ciki. Na biyu ba ƙwallo, fanko ne. Ya ce irin waɗannan kowace shekara sai sun faɗo, ba abin damuwa ba ne. Mangwaro na yin fure fiye da abin da zai iya ɗauka, in 'ya'ya suka fito sai ya zubar da masu ciwo da waɗanda ba su ƙullu ba, ya riƙe daidai ƙarfinsa. Sai ya nuna mini na uku: lafiyayye, da ƙwallonsa, amma wuyansa ya bushe.

"Wannan ba ta so rabuwa da shi ba. Ƙishi ne. In ruwa ya gaza mata, 'ya'yan take fara saki don ta tsira da ranta."

Ya ƙwanƙwasa ƙasa da sanda. "Wa ya yi wannan aikin?"

Duk suka dube ni. Bayan rasuwar na kasa zuwa gida, sai na ga ya kamata in yi wani abu, na aiko da buhun siminti goma aka dafe tsakar gida tas, har jikin bishiya. Na sa aka yi magudana mai kai ruwa waje, na yi ta jin daɗi an ce gidanmu ya zama irin na birni. Ban taɓa lura ba cewa shekara goma sha shida a gindin nan marigayiya ke wanke-wanke, a nan take zubar da ruwan alwala da na wankan yara. Ni dai na san mangwaro na zuwa ne kawai.

Baba Tanko ya ce, "Tela, ai ka ɗinke mata baki."

Na juya wajen Sani na roƙe shi, ba da muryar da na shigo da ita ba. Ya ce, "Yaya, ni ba gaba nake da ita ba. In baɗi ta sake, gatari na nan." Baba Tanko ya ce na bana sun riga sun tafi sai abin da Allah ya rage. A fasa simintin taku uku ta kowane gefe, a zuba taki, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma. An yanka kazar, Hauwa ta yi farfesu, kowa ya sha yana yi mini sannu da jinya. A zaure na kwana.

Alhamis

Tun hantsi bai yi ba na ari guduma da diga. Hannun tela bai san wannan ba, kafin Azahar duk ya yi bororo. Sani ya zauna a kan turmi yana kallo, ya ce siminti na Yaya ne, shi ba zai taɓa kayan babba ba. Zuwa La'asar na gama gabas da kudu, da ɗan arewa. Ƙasar da ta fito fara ce ƙal, busasshiya kamar toka. Ba tare da an sa ta ba, sai ga Hauwa ta ɗauko kwanukan rana ta zauna a wurin ta fara wanke-wanke. Inna ma ta matso da butarta.

Komawa, Juma'a

Akwai kayan biki da na yi alkawarin bayarwa Asabar, dole na taso ƙarfe shida da rabi. A tashar Daura sai ga Ɗanjuma na lodi.

"Malam! An sasanta?"

Na ce, "An ɗaga maganar zuwa baɗi."

"Alhamdu lillahi. Jikin nata fa?"

Na ce, "Ana dai ba ta ruwa."

Ya ce ai ruwa magani ne, ya ƙi karɓar kuɗin motata, wai ladan sulhu. Ban iya gyara masa ba.

Na isa Kongolam sha ɗaya da kwata, da lokacin wanka kafin masallaci. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Abdu da karatun da ban yi amfani da shi ba, da Baba Tanko, da Hauwa da ba ta riƙe ni a rai ba. Sani kuma ina neman afuwarsa a madadin fasinjojin mota guda.

Gefen yamma, wanda ya kai bakin ƙofar ɗakin marigayiya, ban fasa shi ba tukuna.