Yadda Ciyayyar Layinmu Ta Watse

Ni 'yar Gumel ce, aure ya kawo ni Sule Tankarkar, kuma abin da na fara koya a gidan miji shi ne auna tuwon ciyayya. A layinmu, in an idar da sallar magariba, kowane magidanci sai ya fito da kwanonsa, a jera a tabarma ɗaya, a ci tare. A fara da na wannan, a koma na wancan, har a tashi ba wanda zai iya cewa ga wanda ya ci na wa. Mu mata muna ciki, amma ba abin da ke wuce mu. Wadda miyarta ta yi daɗi, kwanonta zai dawo kamar an wanke. Wadda ta zabga gishiri kuwa za ta ga sakamako da idonta.

A ƙofar gidan Baba ake zaman, domin a al'ada ƙofar babba ake kai kwano. Baba aminin mahaifin maigidana ne, shi ya fi kowa tsufa a layin. Da ƙarfinsa korar shanu yake yi a ƙafa daga tsallaken iyaka zuwa kasuwar Maigatari, har gwiwoyi suka ce ba su iyawa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a Gagarawa Tasha. Ba a hura wuta a gidansa. Kowa ya san haka, kuma ba wanda ya taɓa furtawa. Nasa aikin shi ne ya share wurin, ya shimfiɗa tabarma, ya cika buta, sannan ya zauna a matsayin mai masauki yana cewa, "Bismillah, ku matso." Tuwon nan na magariba shi kaɗai ne abincinsa na kirki a yini, kuma yana cin sa ba tare da jin nauyin kowa ba, tunda wurinsa aka zo. In ka aika masa da abinci cikin gida, sai ya dawo maka da shi da godiya mai tarin yawa. Na gwada sau ɗaya ina amarya, ban ƙara ba. 'Yar ta sha roƙonsa ya koma wurinta, yana ce mata shi bai ga ranar da zai zauna a gidan suruki ana miƙo masa kwano ba.

Shekara da shekaru ana haka, har maganar wanda zai yi takarar shugaban ƙasa ta shigo tabarmar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zaɓen ma da saura sosai. Ba jam'iyyar da ta tsayar da kowa. Amma rediyo ta fara, waya ta ɗauka, kowa ya kwana ya tashi ya zama masanin siyasa. Maigidana, wanda nake kira Malam don koyarwa yake yi a firamare, ya kama wani sabon jini da matasa ke yayatawa a waya. Maƙwabcinmu Alhaji, mai sayen gero da riɗi, ya kama wani tsohon hannu da ya daɗe yana juya jam'iyya. Sauran magidantan suka rarrabu a bayansu. Katangarmu ba ta da tsawo, don haka ina kwashe tuwon yara ina jin komai.

"Mutuminka ba zai kai labari ba, Malam," in ji Alhaji. "Gwamna nawa ne a bayansa? Wanda ba shi da gwamnoni ko tikiti ba zai gani ba, balle akwati."

"Gwamnan ƙuri'a nawa gare shi?" in ji Malam. "Talaka ya gaji, Alhaji. Naka kuma wa zai zaɓe shi a Kudu? Ai sai ka ci can ka ci nan ake zama shugaban ƙasa."

"Su yaran naka masu ihu a waya, ranar zaɓe ƙwallo suke tafiya."

Gobe ma haka, jibi ma haka. A ce karɓa-karɓa, a ce haɗaka, a ce daliget, a ce wane zai kawo jihohi kaza. Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba zai lissafa maka yadda mutanen bakin teku za su kaɗa ƙuri'a. Wata rana na tambayi Malam ko mutumin nasa zai sauko da kuɗin taki in ya hau. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Ba nan ake ba tukuna. Yanzu maganar wanda zai iya lashewa ake." Shi ma Alhaji na ji shi da kunnena yana cewa ya san nasa ba abin yarda ba ne, amma shi ne mai iya kayar da kowa. Wato ba wanda ma yake son nasa ɗin tsakani da Allah. A kan haka manyan mutane masu jikoki suke kumfar baki.

Baba dai ba ya tanka musu, sai jefi-jefi ya ce, "Jama'a, tuwo na hucewa." Da suka matsa masa ya raba gardama, ya ce shi yana jefa ƙuri'a tun suna goye, kuma duk wanda Allah ya ba shi ne. Wannan amsa ba ta yi wa kowa daɗi ba.

Ranar da abin ya fashe, gab da faɗuwar damina ne. Alhaji ya ce masu jiran albashi ba su san yadda duniya take ba. Malam ya mayar masa da cewa masu ɓoye hatsi a sito su ne kullum ke son tsohon hannu, don tare suke cin talaka. Sai Alhaji ya miƙe, ya ɗauki kwanonsa da sauran tuwo a ciki, ya wuce gida. Tun da nake ban taɓa jin an ɗage kwano daga tabarmar ciyayya ba a gama ba.

Washegari Alhaji ya shimfiɗa darduma a ƙofar gidansa, can gabas da masallaci, mutanensa suka bi shi. Su Malam suka ce ba za su zauna a tsohon wurin kamar masu jiran ya dawo ba, suka dawo ƙofarmu, yamma da masallaci. Layin namu yana da kwana, wannan zama ba ya hango wancan. Kowane ɓangare ya je ya gayyaci Baba, wannan kam ba zan zalunce su ba. Amma sun manta abu guda. A ƙofarsa shi mai masauki ne. A ƙofar wani kuwa, in ya zo hannu rabbana ya zauna, kowa zai ga ba shi da kwano, sannan duk inda ya zauna an ce ya zaɓi ɓangare. Don haka ya ce wa Malam, "Je ka, ɗana, Alhaji ya riga ka magana." Shi kuma Alhaji, sai Baba ya ce masa, "Ka san Malam ɗan aminina ne." Duka biyun gaskiya ya faɗa. Daga nan ya koma zaman masallaci da carbinsa daga magariba har lisha.

Malam ya shigo yana huci ya ce mini, "Baba ya bi masu shinkafa." Can gidan Alhaji kuma aka ce Baba ya bi ɗan amininsa. Da yake ko gaisuwar kirki ba a yi tsakanin ɓangarorin, kowa ya zauna da abin da ya ɗauka. Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fitar da kai, ana nan ana lissafin gwamnoni.

A gidan suna muka haɗu da Hajiya, matar Alhaji. Mu ba mu yi faɗa ba, amma mun ɗan ja jiki saboda mazan. Muna wanke hannu ta ce mini, "Maman yara, ki riƙa sassauta barkono saboda Baba, kin san cikinsa ba ya so."

Na ce, "Hajiya, ai a wurinku yake ci."

Ta saki butar ta dube ni. Kowaccenmu ta jawo mayafinta. Daga baya mai shagon bakin layi ya gaya mana gari da ƙuli-ƙuli Baba yake saya, shi ma ba kullum ba.

Ranar na yi wa Malam faɗan da ban taɓa yi masa ba. Ya ɗauki kwano da kansa ya nufi gidan Baba, can ya tarar Alhaji ya riga shi da nasa. Baba ya tarbe su a zaure, ya sa musu albarka, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Magani ɗaya ne, kuma duk sun san shi: a mayar da tabarma ƙofarsa. Malam ya ce zai zauna in Alhaji ya janye maganar albashi. Alhaji ya ce sai an janye maganar sito tukuna. Masu shiga tsakani suna kai da kawo, sai ɗaya daga cikin 'yan takarar ya yi wata magana a rediyo, gardama ta dawo sabuwa. Suna cikin haka jiri ya kwashi Baba a sahun la'asar. Aka buga wa 'yarsa waya, ta zo da mota, ba ta gaisa da kowa ba ta kwashe kayansa. Wannan karon bai iya yi mata musu ba.

Ba a daɗe ba mutumin Malam ya sauya sheƙa ya shiga jam'iyyar mutumin Alhaji. Na ga hoton a wayar Malam, sun rungume juna suna dariya. Kwana kaɗan su ma namu suka shirya, ba wanda ya janye komai. Ciyayya ta dawo tabarma ɗaya a ƙofar Alhaji, aka koma gardamar wanda ya fi cancanta a ba tikiti cikin biyun. Na ci gaba da tuƙa tuwo ina miƙawa, amma wallahi na gaji, ko muryarsu ba na son ji.

Da zan je Gumel duba mahaifiyata, sai su biyun suka ba ni saƙo in zarce Gagarawa Tasha in ce wa Baba ya dawo, an shirya, za a mayar da zama ƙofarsa. Na same shi a wani ɗan ɗaki kusa da zaure, ya rame, kwanon abinci a gabansa bai ci rabi ba. 'Yar ta ce mini ba ya ci sai maigidan ya fita. Ya tambaye ni kowa da kowa, har awakin Hajiya. Da na isar da saƙon sai fuskarsa ta washe, ya fara laluben hularsa a kan gado.

'Yar tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya, sun tsayar da ɗan takarar ne?"

Na ce, "A'a, sai an yi fidda gwani."

"To in an yi, na ɗaya ya samu na ɗaya ya rasa, a ƙofar wa za a zauna?"

Sai na tuna halin da na baro su. Ko a daren jiyan na ji muryar Malam ta fara hawa, Alhaji yana ce masa ya bari mai gwamnoni ya fara samun tikitin. Na sunkuyar da kai, Baba kuma ya gani. Ya ajiye hular a hankali.

"Ki ce musu na gode, 'yata," ya ce. "Ki ce ina nan lafiya, ana kula da ni."

Sai muka ji ƙarar babur ta tsaya a waje, surukin ya yi sallama. Baba ya amsa da murya ƙasa-ƙasa, ya sa ƙafa ya tura kwanon ƙarƙashin gado.