Ruƙayya da Alabarunta

Shekara bakwai ke nan da muka ɗauki ƙanwata Ruƙayya daga gidanmu na unguwar Sabo muka kai ta makwancinta. Ba ta kai ashirin ba. Da ciwon sikila aka haife ta, shi ne kuma ya yi ajalinta. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sadaka muke yi mu yi shiru. Bana na ce zan yi magana, saboda wani abu da 'yata Hafsa ta nuna mini a waya.

A shekarun da ciwon ya fi matsa mata, Ruƙayya ta bar makaranta ta koma zaman ɗakin Inna, talabijin ce abokiyar hirarta. Akwai wani katun da ake nunawa da yamma, labarin wasu jarumai huɗu da suka fita neman garinsu da ya ɓace. Biye da su akwai wani gajere mai tumbi, ɗauke da tukunyarsu da tabarmi da buhun abinci, kayan sun fi shi tsawo. Sunansa ya fi ƙarfin bakin yaran layinmu, sai suka raɗa masa Alabaru, yadda Yarbawa ke kiran 'yan dako a kasuwar Bodija. Aikinsa faɗuwa. Ya yi tuntuɓe, tukunya ta kife masa a ka, a yi dariya, a koma kan masu takobi.

Lokacin ina bin Baba rumfarsa ta hatsi a Bodija. In na dawo nakan tarar da ɗakin cike da yaran maƙwabta, Hausawa da Yarbawa, ana musu da harshe uku. Kowa da gwaninsa cikin jaruman. Ita kaɗai ke bayan Alabaru, tana kwance cikin bargo tana ƙure su ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na tsokane ta, na ce duk cikin mazajen nan ba ta ga na zaɓa ba sai wawa. Ta matsa mini gefen katifa ta ce in zauna.

"Yaya, ka lura da lokacin da yake faɗuwa," in ji ta. "Ba ya faɗuwa sai biyu daga cikinsu sun fara hararar juna."

Na zauna na kalla, haka ne kuwa. Na tambaye ta ko da gangan yake yi. Ta ce ba ta sani ba, ita dai haka take ganinsa. Ta ƙara da cewa shi ke dafa musu abinci, amma ba ta taɓa jin ɗayansu ya ce masa sannu ba. In ka ga wani a inuwa, wani yana rana.

A wannan shekarar gidanmu babu daɗi. Baba yana son a kai ta Arewa wurin Kawu a gwada maganin gargajiya, Inna ta kafe ba za a raba ta da asibitin da ya san jininta ba. Maganar ta kai har ba sa haɗa ido. Ranar da abin ya fi zafi, Baba ya ɗaga murya a tsakar gida, sai ga Ruƙayya ta fito tana dafa bango, da tukunyar miya kife a kanta, tana tambayarsa da karin harshen 'yan dako a wace rumfa za ta sauke kaya. Baba ya yi dariya har ya sarƙe, Inna ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ni na san da safiyar ranar filo take cizo saboda ciwon ƙafa. Ta koma ɗaki da ciwonta a ɓoye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tashin ciwonta na ƙarshe da damina ya zo. Ni na rungume ta a bayan keke mai ƙafa uku za mu asibiti. Wajen unguwar Mokola keken ya faɗa rami, ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga naman, sannan ta ce, "Yaya, gaya masa ya bi a hankali, kayan fashewa ya ɗauko." Mai keken ya yi dariya yana ba ta haƙuri da Yarbanci. Ba ta dawo gida da ƙafarta ba.

Abin da Hafsa ta nuna mini shi ne, yaran da suka kalli katun ɗin sun girma, sun koma tattauna shi a intanet, da yawansu kuma yanzu cewa suke Alabaru ne ginshiƙin tafiyar. Har sun yanko wuraren da yake faɗuwa sun jera, suna nuna daidai abin da ta nuna mini a gefen katifa. Kunle, ɗan maƙwabcinmu da ya fi kowa musu da ita, yanzu okada yake ja. Kwanaki ya tsayar da ni a bakin masallaci ya ce ya ga bidiyon, Anti Ruka ce ke da gaskiya tun farko. Ya faɗa yana murmushi, sai kuma ya ja hularsa ya tafi da sauri.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da tana raye. Ina jin za ta yi kwana guda tana yi mana gori. Amma an ce an sake zana katun ɗin, an rage wa Alabaru tumbi, an ba shi takobi da tarihi mai ban tausayi, ya daina faɗuwa. Wannan kam ba za ta yafe ba. Cewa za ta yi sun ƙwace masa aikinsa. Ba ta son tausayi. Mai zuwa dubiya da fuskar jimami, sai ta kwaikwayi tafiyarsa tun bai kai zaure ba.

Me ya rage mana nata? Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar sana'a ba, kayanta an rabar. Abin da na sani shi ne Baba da Inna sun zauna lafiya har Allah ya ɗauke shi, kuma yaran layinmu da suka zama magidanta har yau da dariya suke fara ambaton sunanta.

Makon jiya Inna, wadda ba ta taɓa zama kallon katun ba, ta ce Hafsa ta kunna mata tsohon. Alabaru ya faɗi, tukunya ta kife, Inna ta yi dariya ta ce a maimaita mata wurin. A karo na biyu ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban wayar, sannan ta ce, "Ba wanda ya tambaye shi ko ya ji ciwo."

Allah ya jiƙanki, Ruƙayya, ya hutar da ƙasusuwanki.